Ɗan ƙasa ko mai bizar H-1B: wa kamfanonin fasaha na Amurka suka fi so?

Sadiq_Zariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun Satumban 2025 da Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar bizar H-1B, wato bizar da kamfanonin Amurka ke ɗauko ƙwararrun ma'aikata baƙi da ita, nake ganin mutanenmu suna zagin Amurkawa, wai ƙyashi ne ke damunsu, wai ba su iya aikin ba shi ya sa ake ɗauko musu Indiyawa. Ni dai ban yarda ba. Yaron da ya ci bashi ya yi digiri a kimiyyar kwamfuta, ya fito yana ta tura takardun neman aiki shiru kake ji, sannan ya samu labarin kamfanin da ya ƙi kiransa ya kawo wani daga Haidarabad ta Indiya, ai yana da hujjar fushi. Tambayata ita ce: a ajiye mutum biyu gaban mai ɗaukar aiki, ɗan ƙasa da mai biza, karatunsu ɗaya, me zai sa a zaɓi mai biza? Ƙwarewa ce ko araha? Mazauna can ku fito ku faɗa mana gaskiya.

Auwal_Kwakwalwa: Araha mana. Wannan har sai an tambaya? Ɗan jari-hujja bai san ɗan ƙasa ba, riba ya sani.

Injiniya_Bello: Wa alaikumus salam. Malam Auwal ka yi saurin yanke hukunci. Ni da wannan bizar nake aiki a nan yankin Siyatil, bari in ɗan zayyana yadda abin yake don kada mu yi ta musu a kan abin da ba mu gani ba. A shekarar 1990 aka ƙirƙiro H-1B. Guraben da ake bayarwa duk shekara 65,000 ne, sai ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Amurka. Ba kai kake nema wa kanka ba, kamfani ne zai nema maka. A watan Maris ake shigar da sunaye, a yi ƙuri'a saboda masu nema sun ninka guraben, wanda ya dace ba zai fara aiki da ita ba sai 1 ga Oktoba. Shekara uku ake ba ka, a sabunta zuwa shida.

To ka duba ta ɓangaren kamfani. Ɗan ƙasa yau ka yi masa intabiyu, nan da mako biyu ya kama aiki, ba lauya ba takarda. Ni kuwa sai an biya lauya, an biya kuɗin gwamnati kala-kala, ciki har da dala 1,500 ta asusun horar da ma'aikatan Amurka da dala 500 ta binciken zamba, kuma bayan duk wannan wahala ƙuri'a na iya ƙin faɗowa kaina. Ga shi doka ta wajabta wa kamfani ya yi rantsuwa gaban Ma'aikatar Ƙwadago cewa ba zai biya ni ƙasa da abin da ake biyan masu irin aikina a garin ba. Ina arahar take?

Zainab_Ohio: Abin da Yaya Bello ya faɗa haka yake. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman aiki a nan ya san tambayar nan: shin za ka buƙaci kamfani ya ɗauki nauyin bizarka yanzu ko nan gaba? Kana danna e, a wurare da yawa na'ura ce za ta watsar da kai, ɗan Adam bai ma ga takardarka ba. A bikin baje kolin ayyuka na makarantarmu za ka ga tebura da rubutu ɓaro-ɓaro cewa ba sa ɗaukar nauyin biza. Ayyukan tsaro da na kamfanonin da ke kwangilar gwamnati kuwa kar ma ka ɓata lokacinka, na 'yan ƙasa ne. Don haka in aka ce mu aka fi so, abin dariya yake ba ni.

DanKatsina_Texas: Bello, Zainab, ku yi haƙuri, rabin labarin kuka bayar. Ni na bi duk hanyar nan har na zama ɗan ƙasa, na ga gaba na ga baya. Rantsuwar albashin da Bello yake magana a kai hawa huɗu ce. Hawa na ɗaya na sabon shiga ne, na huɗu na gogagge, kuma kamfani ne yake zaɓar hawan da zai rubuta. Hawa biyu na ƙasa duk ba su kai matsakaicin albashin garin ba. Cibiyar binciken tattalin arziki ta EPI da ke Washinton ta fitar da bincike a 2020, Daniel Costa da Ron Hira suka rubuta, ta ce kashi 60 cikin ɗari na guraben H-1B da aka amince da su a waɗannan hawa biyu na ƙasa suke. Wato mutum mai shekaru yana rubuta manhaja, a rubuta shi a takarda a matsayin ɗan koyo, kuma duk bisa doka.

Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba: galibin kamfanoni doka ba ta tilasta musu su fara neman Ba'amurke kafin su nemi H-1B. Sai kamfanin da masu biza suka yi yawa a cikinsa ake ɗora wa wannan sharaɗi, shi ma yana kuɓuta in ya biya ma'aikacin dala 60,000 a shekara ko in ma'aikacin yana da digiri na biyu. Tun 1998 aka yanke wannan dala 60,000 ba a taɓa ta ba. A yau wane injiniyan manhaja ne a Kalifoniya zai kalli wannan kuɗin?

Auwal_Kwakwalwa: To kun ji dai. Na faɗa aka ce na yi sauri.

Injiniya_Bello: Yallaɓai na Texas, ban musa maganarka ba, amma ka haɗa kamfanoni iri biyu a buhu guda. Akwai masu ɗaukar mutum don ya yi musu aikinsu, irin su Google da Microsoft da Amazon. A nan matakin aikinka ne yake yanke albashinka da hannun jarin da za a ba ka, ba launin fasfo ba. Akwai kuma 'yan kwangila, irin su Infosys da Tata da Wipro da Cognizant, waɗanda sana'arsu ita ce su kawo ma'aikata su ba bankuna da kamfanonin inshora haya. Yawancin abin kunyar da ake ji daga can yake fitowa. In za a yi gyara a gyara can, kada a shafa mana kashin kaji gaba ɗaya.

MamanHanifa: Sannunku da muhawara. Na daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata, kuma zan faɗi abin da ba a rubutawa a takarda. Manaja ba ya zuwa ya ce mini samo mini mai araha. Abin da yake cewa shi ne samo mini wanda zai zauna. Ɗan ƙasa in ya shekara biyu ya ga wani wuri ya ƙara masa kuɗi, sai ya ajiye maka takardar barin aiki ya kama gabansa. In ka matsa masa da aikin dare da na ƙarshen mako, ya ce ba zai yi ba, kuma ba abin da za ka iya. Mai biza fa? Zamansa a ƙasar a hannun kamfani yake. Ranar da aka sallame shi, kwana 60 yake da su ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, in ba haka ba ya tattara iyalinsa ya fita, ko da yaransa suna tsakiyar zangon karatu, ko da bashin gida a kansa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ɗaga murya a taro, ba ya neman ƙarin albashi da ƙarfi, ba ya kai ƙarar manaja. Ko da albashinsu ɗaya da ɗan ƙasa ranar da aka ɗauke su, ka dawo bayan shekara biyar ka duba.

Saboda haka Malam Sadiq, tambayarka ta ƙwarewa ko araha ta bar abu na uku a waje, kuma a ganina shi ne babba: wanda ba shi da bakin cewa a'a.

Injiniya_Bello: Anti wannan kam kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Lokacin sallamar ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, da Meta mai Facebook ta sallami 11,000, Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, abokan aikinmu Amurkawa lissafin kuɗin sallama suke yi, wasu har hutu suka tafi. Mu kalanda muke kallo. Amma a lura, doka ta yarda ka sauya kamfani da H-1B ba tare da ka sake shiga ƙuri'a ba. Ba bauta ba ce kamar yadda wasu ke faɗa.

DanKatsina_Texas: Ta yarda a takarda. Je ka tambayi Ba'indiyen da ke layin girin kad, wato katin zama na dindindin. Katin zama na dindindin ta hanyar aiki guda 140,000 ake bayarwa a shekara, har da mata da 'ya'ya a cikin lissafin, kuma an ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari. Indiya mai mutum sama da biliyan ɗaya da ƙasar da ba ta kai Kano yawan jama'a ba, ƙa'idarsu ɗaya. Su kuma Indiyawa su ne ke karɓar sama da kashi 70 na H-1B. Sai layi ya taru, mutum ya haura shekara goma yana jira, yana ta sabunta biza. In ya sauya kamfani, sabon wurin sai ya sake masa takardun tun daga tushe, ko da yake matsayinsa a layi ba ya ɓata in an riga an amince da takardarsa ta farko. Wa zai so ya yi ta wannan jeka-ka-dawo? Sai ya zauna inda yake ya haɗiye. Mu 'yan Najeriya layinmu bai kai nasu tsawo ba, shi ya sa ba ma jin zafin kamar su.

Hafsat_Kd: Ni tambaya ce da ni don Allah. Da gaske ne an taɓa sa Amurkawa su koya wa waɗanda za su gaje su aiki kafin a kore su? Na ɗauka ƙarin gishiri ne na 'yan siyasa.

DanKatsina_Texas: Ƙanwata ba ƙarin gishiri ba ne. A Disney da ke Orlando ya faru, labarin ya fashe a 2015. Ma'aikatan sashen kwamfuta kusan 250 aka sallama, aka ba 'yan kwangila aikin, kuma aka ce wa wasunsu in suna son kuɗin sallamarsu sai sun zauna sun koya wa sababbin. A shekarar dai aka yi irin haka a kamfanin wutar lantarki na Kudancin Kalifoniya. Waɗanda suka kai Disney ƙara ba su yi nasara ba. Infosys kuwa a 2013 ta biya dala miliyan 34 don a kashe maganar zargin tana shigo da ma'aikata da bizar ziyarar kasuwanci. A Oktoban 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a Los Anjelis suka samu Cognizant da laifin nuna wariya ga ma'aikatan da ba Indiyawa ba. Kuma Bello, kada ka wanke manyan naka tas. A 2021 Facebook ta amince ta biya har dala miliyan 14.25, Apple kuma dala miliyan 25 a 2023, duk a kan zargin Ma'aikatar Shari'a cewa guraben da suke nema wa ma'aikatansu girin kad a kai suna ɓoye su daga 'yan ƙasa. A lokacin ba sa sa tallan a shafinsu na intanet kamar sauran ayyuka, sai su ce a aiko da takarda ta gidan waya. Kamfanin fasaha fa, a ce sai ta gidan waya!

Barau_Mai_Shayi: Facebook da ya hana mu barci da sanarwa shi ne yake cewa a je a sayi kan sarki a manna wa ambulan? Allah mai iko 😂

Sadiq_Zariya: Madalla. Ashe dai fushin yaran nan ba a banza ba.

Dr_Nasiru: Malam Sadiq kar ka yi murna tukuna. Ina koyarwa a wata jami'a a nan, ka zo ka leƙa ajinmu na digiri na biyu da na uku a kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin lantarki, ka ƙirga 'yan ƙasa. Baƙi ne suka fi yawa, kuma ba yau aka fara ba. Ba don Ba'amurke ba shi da ƙwaƙwalwa ba, a'a, shi da digirin farko zai samu aiki mai tsoka, me zai zaunar da shi shekara biyar yana karɓar ɗan alawus ɗin ɗalibi? Baƙo kuwa karatun ne ƙofarsa ta shiga. To idan kamfani yana neman wanda ya ƙware a zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta ko ƙirƙirarriyar basira a matakin bincike, su wa zai tarar a kasuwa? Waɗannan baƙin. Ƙarancin ma'aikata a sama gaskiya ne. A ƙasa, wajen gwajin manhaja da kula da rumbun bayanai da ayyukan sabon shiga, nan ne babu wani ƙaranci, kuma nan ne ake cutar ɗan ƙasa. Matsalar ita ce biza ɗaya ake amfani da ita ga duka biyun, ƙuri'a kuma har zuwa 2025 makauniya ce, ba ta bambance wanda za a biya dala 300,000 da wanda za a biya 70,000.

Har maguɗi aka yi ta yi a ƙuri'ar. A zagayen Maris 2023 rajista ta kai kusan 780,000, fiye da 400,000 daga ciki na mutanen da aka shigar da sunansu fiye da sau ɗaya ne ta hannun ƙananan kamfanoni daban-daban, saboda dala 10 kacal ake biya a lokacin. Sai a 2024 hukumar shige da fice ta koma ƙirga mutum da lambar fasfonsa, daga baya aka ɗaga kuɗin rajistar zuwa dala 215.

Zainab_Ohio: Dokta tunda ana faɗin gaskiya bari in ƙara wani abu, ko da a kaina zai faɗo. Ɗalibin waje in ya gama karatu ana ba shi izinin aiki na wata 12, in fannin kimiyya da fasaha ne a ƙara masa wata 24. A wannan lokacin yawancinmu ba a cire mana harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kamfani ma ba ya biyan nasa kason, wato kashi 7.65 na albashi. To ka ga a nan mun fi ɗan ajinmu Ba'amurke sauƙi da gaske. Sai dai kamfanin ya san bayan shekara uku in ƙuri'a ba ta faɗo ba ya yi asarar duk horon da ya ba ni.

Alhaji_Sani_Fagge: Ni duk wannan surutu mamaki yake ba ni. Ku da kuke kare baƙi a Amurka, in kun dawo gida ku ne kan gaba wajen ƙorafin an cika masana'antunmu da Indiyawa da 'yan Chana da 'yan Labanan, an bar injiniyoyinmu suna gadi. Mu ma ai muna da kason baƙin ma'aikata da Ma'aikatar Cikin Gida ke bayarwa, da sharaɗin a haɗa kowane baƙo da 'yan ƙasa masu koyon aikinsa don su gaje shi. Wa ya taɓa ganin an gada? A Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta sa harajin dala 15,000 a kan darakta baƙo, dala 10,000 a kan sauran, 'yan kasuwa suka yi ca, ba a yi wata guda ba aka dakatar. In mun yarda ɗan Najeriya ya fi cancanta da aikin Najeriya, da wane baki za mu ce wa Ba'amurke mai ƙyashi?

Injiniya_Bello: Alhaji ranka ya daɗe, akwai bambanci. A gida baƙon ne ake biya da dala, a ba shi gida da mota da direba, ɗan ƙasa yana ƙarƙashinsa. A nan baƙon ne a ƙasa. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Alhaji_Sani_Fagge: Ga wanda ya rasa aikin duk ɗaya ne, ɗana.

Umar_Coder: Ku bar batun gida mu dawo kan dala 100,000 ɗin. Ni abin da nake hange, kuɗin nan ba zai mayar wa Ba'amurke aikinsa ba. Rubuta manhaja ba aikin gini ba ne da sai ka je wurin. In shigo da mutum ya yi tsada, sai a bar shi a Bangalor ta Indiya a tura masa aikin. Manyan kamfanonin nan da bankunan Amurka duk suna da manyan ofisoshi a Indiya, wasu kuma Kanada suke ajiye wanda ƙuri'a ta ƙi, a Toronto ko Bankuba. Mai biza aƙalla yana biyan haraji a Amurka, yana biyan haya, yana cefane a can. In aikin ya tsallaka teku, ko wannan babu.

MamanHanifa: Umar ka yi gaskiya a rabi. Akwai ayyukan da ba sa fita, saboda dokar bayanan abokan hulɗa ko saboda manaja yana son ganin mutum a ofis. Sannan a sani, hukumar shige da fice ta yi bayani a Oktoban 2025 cewa kuɗin bai shafi wanda yake cikin ƙasar ya sauya daga bizar karatu zuwa H-1B ba, bai kuma shafi masu sabuntawa ba. Wanda za a ɗauko daga waje shi abin ya fi dukansa. Wato irin su Zainab ƙila ma sauƙi suka samu, tunda 'yan kwangila za su rage cika ƙuri'a. Waɗanda nake tausayi su ne ƙananan asibitocin karkara da ke dogaro da likitoci baƙi, don su ma da wannan bizar suke shigowa. Ƙungiyar 'yan kasuwan Amurka ta garzaya kotu a kan dokar dala 100,000 ɗin a watan Oktoban.

Auwal_Kwakwalwa: Abin da ya fi burge ni rigimar Disamban 2024. Elon Musk da Vivek Ramaswamy suna kare bizar, Steve Bannon da Laura Loomer suna tsine mata, duk 'yan gidan Trump. Can kuma sai ga Sanata Bernie Sanders daga ɓangaren adawa yana cewa kamfanoni na amfani da ita don maye gurbin ma'aikatan Amurka da masu arha. Ranar da ka ga Sanders da Bannon a sahu ɗaya ka san maganar ta wuce jam'iyya.

Dr_Nasiru: Ramaswamy ai shi ya ƙara rura wutar da ya ce al'adar Amurka ce ke fifita lalaci a kan hazaƙa. Wannan magana ba ta da amfani. Ina da ɗalibai Amurkawa da ba na haɗa su da kowa, ina da baƙi da ko aikin gida sai sun kwafa. Ni gyaran da nake goyon baya shi ne wanda aka gabatar a Satumban 2025, a ba mai albashin hawa na huɗu ƙuri'a huɗu, mai hawa na ɗaya ƙuri'a guda.

Zainab_Ohio: Dokta wannan gyaran mu zai kashe. Wanda ya fito daga makaranta jiya wa zai ba shi albashin hawa na huɗu? Sai a ce jami'a ta karɓi kuɗinmu ninki biyu ko uku na ɗan jiha, ta horar da mu, sannan a ce mu tafi.

DanKatsina_Texas: Ni kuwa cewa na yi a raba bizar da kamfani. A ba mutum izinin a hannunsa, ya yi aiki inda ya ga dama. In ƙwarewarsa ake so, za a ci gaba da ɗaukarsa a biya shi da kyau don kada ya gudu. In kuma shirunsa ake saye kamar yadda Maman Hanifa ta ce, za ka ga masu neman bizar sun ragu da kansu.

MamanHanifa: Wane kamfani ne zai kashe kuɗin lauya a kan mutumin da zai iya tafiya washegari? Su ne fa masu kai wa 'yan majalisa ziyara, ba mu ba.

Hafsat_Kd: To ni da nake shirin neman digiri na biyu a fannin tsaron intanet, in ci gaba ko in duba wata ƙasa? Kun tsorata ni wallahi.

Dr_Nasiru: Hafsat ki nemi inda za a ba ki tallafin karatu, kada ki sayar da filin gidanku a kan ƙuri'a. Ki kuma sani jami'o'i da cibiyoyin bincike da ba na riba ba ba sa cikin ƙayyadadden adadin nan na 85,000, suna iya nema wa mutum H-1B kowane wata ba tare da ƙuri'a ba, sai dai albashinsu bai kai na kamfani ba. Tsaron intanet kuma ki yi hattara, ayyukansa da yawa suna buƙatar tantancewar tsaro ta gwamnati, wadda sai ɗan ƙasa ake yi wa. Ki turo mini jerin makarantun da kike dubawa ta akwatin saƙo.

Umar_Coder: Dokta ni ma zan turo nawa in ba damuwa.